Daga rumbun zakka zuwa rasit: tarihin masu ɗaukar nauyin makaranta da asibiti a Chinade da ƙasar Katagum



Duk wanda ya kai yaro makaranta ko ya raka mara lafiya asibiti a Chinade ko Azare cikin shekarun nan ya san abin da ake fara tambayarsa: kuɗin fom, kuɗin kati, kuɗin gwaji, kuɗin magani. Wannan bai tsaya ga makarantun kuɗi da asibitocin 'yan kasuwa ba. Har wasu wuraren da jama'a suka gina da karo-karo, da sunan taimakon marayu da marasa ƙarfi, yanzu sai da rasit ake shiga. Wasu na ganin haka ne kaɗai hanyar da aiki zai ɗore, wasu kuma na ganin an mayar da sadaka haja. Kafin mu yanke hukunci yana da kyau mu waiwaya mu ga yadda aka zo nan. Tarihi ya nuna ba a taɓa yin zamanin da karatu da magani suka zo ba tare da wani ya biya ba. Abin da ya riƙa sauyawa shi ne wanda ke biya, da lokacin da ake biyan, da kuma makomar wanda ba shi da abin biya.

Kafin zuwan Turawa

Malam Ibrahim Zaki ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19, bayan ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, kuma Chinade na cikin tsofaffin gundumomin wannan masarauta. A wancan zamani hukuma ba ta gina aji ko ɗakin shan magani. Karatu yana zauren malam ne. Yaro yakan kai kuɗin Laraba gwargwadon abin da gidansu ya samu, almajirai su taya malam noma, idan an yi sauka iyaye su yi sadaka. Lafiya kuma tana hannun wanzami da ungozoma da maɗori da mai maganin gargajiya. Wanzami da ungozoma suna da rabonsu ranar suna, da kaka kuma a kai musu dami.

A saman wannan akwai zakkar hatsi, ɗaya bisa goma na amfanin gonar da ruwan sama ya shayar idan ya kai nisabi, wadda masu unguwanni da dagatai ke tarawa. Akwai kuma gayya, wadda da ita ake haƙa rijiya, a gyara masallaci, a nome gonar wanda ciwo ya kwantar. Ba za a ce komai daidai yake tafiya ba. Ba duk zakkar da aka tara ke isa ga mabuƙata ba, bayi da mata ba su da rabo irin na 'ya'ya maza, kuma agana da ƙyanda suna kwashe yara ba adadi. Amma tsarin yana da siffa ɗaya da ta cancanci a riƙe: ana yin aikin tukuna, biya ya biyo baya, kuma kowa gwargwadon ƙarfinsa. Abin kunya ne malam ya kori ɗan maƙwabcinsa don bai kawo kuɗin Laraba ba.

Zamanin En'e da baitulmali

Turawan Ingila sun karɓi ƙasar Katagum a 1903. Daga baya aka sa ta ƙarƙashin Lardin Kano, sai a 1926 aka mayar da ita Lardin Bauchi, fadar sarki kuwa ta bar garin Katagum ta koma Azare a 1916. Turawa sun haɗe zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen da ake karɓa suka mayar da su haraji guda na tsabar kuɗi, makiyaya kuma suna biyan jangali. Aka kafa baitulmali a kowace masarauta. A farko gwamnatin mulkin mallaka takan ɗauki rabi, En'e ta riƙe rabi. Daga rabon En'e ake biyan sarki da hakimai da alƙalai da dogarai, abin da ya rage a gina elemantare da dibensari, a haƙa rijiyar siminti, a biya duba-gari.

A nan ne aka fara ganin magani da karatun boko da ba a biya a bakin ƙofa, ko kuma abin da ake biya bai taka kara ya karya ba. Sai dai kuɗin na talaka ne, wanda ya sayar da gyaɗa ko auduga ko akuya ya biya haraji. Makarantun kaɗan ne ƙwarai, kuma mutane ba su amince da su ba, har sai an ɗora wa hakimi da dagaci adadin yaran da za su kawo, iyaye kuwa suna ɓoye 'ya'yansu.

A wannan zamani ne kuma aka fara abin da yau ake kira haɗin gwiwa tsakanin hukuma da ƙungiya mai zaman kanta. A ƙarshen shekarun 1930, hukumomin En'e na Kano da Katsina da Sakkwato sun miƙa wa ƙungiyar mishan ta SIM ragamar asibitocin kutare na Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa. En'e ta ba da fili da tallafin kuɗi, mishan ta kawo likitoci da ma'aikata. An sami magani, amma an yi ta saɓani kan wa'azi ga marasa lafiya da 'ya'yansu. Tun daga nan aka gane cewa mai kawo taimako yana zuwa da tasa manufar, kuma wajibin mai karɓa ne ya san ta tun kafin a shiga yarjejeniya.

Gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta faɗaɗa wannan aiki, mafi yawa da rarar kuɗin hukumar sayen amfanin gona, wato bambancin da ke tsakanin farashin da aka sayi gyaɗa da auduga a hannun manomi da wanda aka sayar a Turai. Da irin wannan kuɗi aka yi Yaƙi da Jahilci, aka ƙara makarantu da asibitoci. A 1962 aka kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna, makarantun Islamiyya masu aji da benci suka fara yaɗuwa. Har zuwa nan manomi ne ke biya, ko da bai ga rasit ba.

Shekarun man fetur

Farashin man fetur ya yi tashin gwauron zabo a 1973 da 1974, gwamnati ta sami kuɗin da ba ta taɓa gani ba. Jihohi suka karɓe makarantu da asibitoci da yawa daga hannun mishan da sauran ƙungiyoyi. Shekarar 1976 kaɗai ta zo da manyan sauye-sauye uku: an ƙirƙiro Jihar Bauchi a watan Fabrairu, an yi wa ƙananan hukumomi garambawul wanda ya kawo ƙarshen mulkin En'e, sannan a watan Satumba aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE. Ƙauyukan da ba su taɓa ganin aji ba suka sami makaranta. A 1977 aka buɗe kwalejin horon manyan malamai a Azare, wadda yau ake kira Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh. Ɗalibin sakandaren kwana na lokacin yana samun abinci da littafi da sabulu daga gwamnati. Da aka shiga jamhuriya ta biyu, jihohin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, wasu jihohin Arewa suka bi sahu.

Alheri ne babba, kuma da yawa daga cikin manyan ma'aikatan da ƙasar Katagum ke alfahari da su 'ya'yan wannan zamani ne. Amma ya bar tabo guda. Igiyar da ta haɗa mai biya da abin da aka gina ta tsinke. Kuɗin daga Legas suke zuwa, ba daga rumbun kowa ba, don haka makaranta ta zama kayan gwamnati. Iska ta yaye kwano, ba mai cewa a yi gayya, sai a jira ɗan kwangila.

SAP da dawowar biya a bakin ƙofa

Farashin mai ya fara faɗuwa tun farkon shekarun 1980, ya rushe a 1986. A watan Yuli na shekarar gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu na SAP. Naira da take kusan kai ɗaya da dala ta koma wajen naira huɗu a dala ɗaya cikin shekara guda, maganin da ake shigowa da shi daga waje ya yi tsada, albashin malami da na ma'aikacin jinya ya zama ba ya kai wata. A 1987 Bankin Duniya ya fitar da rahoto yana ba ƙasashe masu tasowa shawarar su riƙa karɓar kuɗi daga marasa lafiya a asibitocin gwamnati. A watan Satumba na shekarar ministocin lafiya na Afirka suka amince da shirin Bamako: a sayar da magani a ƙananan asibitoci, a juya kuɗin a sake sayo wani, jama'ar gari su sa ido. A takarda an tanadi a yafe wa matalauta. A aikace kuwa, a wurare da yawa jarin ya narke, mara lafiya ya koma karɓar 'yar takarda ya nufi kemis.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyi suka shigo cikewa. Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta buɗe makarantu a garuruwa da ƙauyuka, haka ma Fitiyanul Islam da zawiyoyin ɗariku. Ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, ta shiga harkar makarantu da asibitocin mata da yara. A garin Bauchi aka kafa cibiyar DEC a 1987 don ba matan karkara ƙananan rance da horo. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na tsofaffin ɗalibai da na iyaye da malamai suka riƙa gina aji, suna ɗaukar malaman wucin gadi. A gefe guda kuma masu hali da ma'aikatan da suka yi ritaya suka fara buɗe makarantun kuɗi da ƙananan asibitoci a matsayin sana'a.

Yadda ƙungiyar taimako ke rikiɗewa ta zama kasuwa ba boyayyen abu ba ne, kuma galibi ba da mugun nufi ake farawa ba. Gudummawa takan zo ne da azumi ko da kaka, albashin malami kuwa duk wata ne. Sai a sa ɗan kuɗin wata don a riƙe malamai. Iyayen da ke biya su nemi a ƙara inganci, a ƙara kuɗi. Makarantar kuɗi ta buɗe a maƙwabta tana janye ƙwararrun malamai, a sake ƙarawa. Ran nan sai a wayi gari ana tsayawa a ƙofa da rajista ana mayar da wanda bai biya ba, alhali domin irinsa aka aza tubalin farko. Mafi muni shi ne inda filin na jama'a ne, bulo na gayya ne, kwano na wani bawan Allah ne, amma takardar ta fito da sunan mutum ɗaya. Ranar da ya rasu, makaranta ta shiga cikin gado.

Labarin bankunan al'umma ya nuna yadda doka da kanta ke iya tura abu cikin kasuwa. An ɓullo da su a 1990 bisa sharaɗin ƙungiyar ci gaban gari ta kasance cikin masu mallaka. A 2005 Babban Bankin Najeriya ya fito da sabon tsari, ya ce kowane ya tara jarin aƙalla naira miliyan 20 ya koma ƙaramin bankin ba da rance kafin ƙarshen 2007. Waɗanda suka kasa suka rufe, waɗanda suka tsira kuwa da yawa sun koma hannun masu hannun jari mafi tsoka. A kudu, LAPO da ta fara a matsayin ƙungiyar yaƙi da talauci a ƙarshen shekarun 1980 ta zama banki a 2010. A Meziko, Compartamos da ta fara a matsayin ƙungiyar agaji ta sayar da hannun jarinta a kasuwa a 2007, masu jari suka kwashi riba mai yawa daga kuɗin ruwan da matalautan mata ke biya, abin da ya jawo muhawara a duniya.

Zamanin masu ba da tallafi da kwangila

Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 gwamnati ta sake sa hannu. An yi dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE a 2004, Azare ta sami Cibiyar Lafiya ta Tarayya, aka buɗe jami'ar jiha a Gaɗau a 2011, aka kafa Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya a Azare a 2021. Amma yawan jama'a ya riga ya wuce abin da ake ginawa, kuma salon aikin ya sauya. Shirin CSDP na Bankin Duniya, wanda ya fara a 2009, ya riƙa ba gari kuɗin gina aji ko asibiti ko famfo bisa sharaɗin jama'a su kawo kashi 10 cikin 100, da kuɗi ko yashi ko ƙarfin jiki. Hukumar raya ƙasashe ta Amurka, USAID, ta gudanar da shirin lafiyar mata da yara na TSHIP a jihohin Bauchi da Sakkwato daga 2009 zuwa 2015. A 2014 gwamnatin Bauchi ta ƙulla yarjejeniya da Gidauniyar Dangote da ta Bill da Melinda Gates kan rigakafin yara, bisa tsarin cewa kason jiha zai riƙa ƙaruwa duk shekara har ta ɗauki nauyin gaba ɗaya. Daga baya aka shigo da tsarin biyan asibiti gwargwadon aikin da ya yi, wato a ƙirga haihuwa da awo da allura a biya.

A wasu wurare an wuce nan. A 2007 hukumar Abuja ta ba wani kamfani mai zaman kansa hayar Asibitin Garki na shekara 15. A 2017 ƙungiyar Red Cross ta duniya ta karɓi kuɗi daga masu zuba jari don gina cibiyoyin gyaran gaɓoɓi a Maiduguri da Mopti da Kinshasa, da alkawarin cewa bayan shekara biyar gwamnatocin da suka tsaya mata za su mayar musu da kuɗinsu, da riba ko da ragi, gwargwadon sakamakon aikin. Taimakon nakasasshe ya zama abin da ake zuba wa jari.

Waɗannan shirye-shirye sun ceci rayuka, kuma ba daidai ba ne a raina su. Rigakafi ya ƙaru, an kawar da cutar shan inna ta daji daga Najeriya, an tabbatar da haka a 2020. Amma sun sauya ɗabi'ar ƙungiyoyi. Wanda ya iya rubuta takardar neman tallafi da Turanci ya fi wanda ya san gidan kowace bazawara daraja. Aka sami ƙungiyoyin da ba su da mambobi sai hatimi da asusun banki. Rahoto yana tafiya Abuja da Washintan, mutanen gari ba su san nawa aka karɓa da sunansu ba. Sai ga shi a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafin ƙasashen waje, a tsakiyar shekara ta rufe USAID. Ayyuka suka tsaya cak, ma'aikata suka koma gida. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Abin da ya rage a hannunmu

A yau alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na nuna cewa sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Najeriya daga aljihun mara lafiya da danginsa suke fitowa kai tsaye. Ma'anar wannan a ƙasarmu ita ce a sayar da tunkiya ko buhun gero don tiyata, ko a jinginar da gona, ko a zauna gida da naƙuda har sai abu ya ɓaci. Da Uganda ta soke karɓar kuɗi a ƙananan asibitocin gwamnati a 2001, masu zuwa asibiti sun ƙaru nan take, musamman matalauta, wanda ya nuna ba ƙin asibiti ne ke zaunar da su ba.

Mutumin da ya sa dukiyarsa ya gina makaranta ko asibiti ya ce kasuwanci yake yi, sana'arsa halal ce, kuma yana rage wa gwamnati cunkoso. Abin da ake nema a wurinsa inganci ne da gaskiya. Matsalar tana wurin da aka tara kuɗi da sunan Allah da sunan gari, sannan aka tafiyar da wurin kamar kanti. Ga ƙungiyoyinmu na Chinade da kewaye, tarihin nan ya bar mana darussa a sarari. Duk abin da jama'a suka gina a yi masa rajista da sunan kwamitin amintattu a hukumar CAC, domin dokar kamfanoni ta 2020 ta hana raba ribar irin wannan ƙungiya tsakanin mambobi, kuma dukiyarta ba ta shiga gadon kowa. A riƙa karanta lissafin shiga da fita a bainar jama'a sau ɗaya a shekara. Idan dole ne a karɓi kuɗin makaranta, a rubuta tun farko kujeru nawa ne na marayu da marasa ƙarfi a kowane aji, a kuma sa mai unguwa da liman cikin masu tantancewa. A nemi hanyar shiga mai ɗorewa ta wakafi, ko shago ne a kasuwa ko gona ko gidan haya, kamar yadda hukumar zakka da wakafi ta Jihar Sakkwato ke ƙarfafawa, domin albashin malami ya daina dogara ga korar yaro. Wanda ya zo da tallafi a karɓe shi hannu biyu, amma a tambaye shi ranar tafiyarsa da wanda zai riƙe aikin bayansa.

Kada kuma ƙoƙarin ƙungiya ya sa a sauke wa hukuma nauyinta. Dokar UBE ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta ne kuma dole. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ƙananan asibitoci, dokar inshorar lafiya ta 2022 kuma ta tanadi asusu na musamman don marasa ƙarfi. Haƙƙin kowane ɗan Chinade ne ya tambayi kansilansa da ɗan majalisarsa ko asibitin mazaɓarsa na samun wannan kuɗi, da kuma sunayen waɗanda aka yi wa rajistar magani kyauta.

Kakanninmu ba su da siminti ba su da allura, amma sun tsara abinsu yadda mara shi ba ya komawa gida hannu wofi daga zauren malam. Mu da muke da gini da takardu da asusun banki, kowace ƙungiya a cikinmu ta buɗe littafinta ta duba: yara nawa aka mayar gida a zangon da ya wuce saboda kuɗi, kuma ina suke yanzu?

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya saka wa masu hidima da alheri, Ya ba mu ikon riƙe amana. Amin.